Tsakanin Kara da Ƙara

Ana tsakiyar hunturun bara, lokacin da hazo kan lulluɓe Sakkwato har rana ta koma kamar farin faifai a sama, ɗan ƙanwata ya zo mini hutu ɗauke da wani dogon baƙin akwati. Yaron yana cikin 'yan badujala. Shekara uku ya yi yana busa ƙaramar kilarinet, sai kwanan nan aka damƙa masa babbar, mai kaurin murya. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya buɗe akwatin, ya shiga harhaɗa ta gaɓa-gaɓa: gangar jiki biyu na baƙin itace da fararen maɓallan ƙarfe suka yi wa ado, wuya mai lanƙwasa irin na zalɓe, da buɗaɗɗen gindi da ya ɗago sama kamar kan lofe. Da ya gama sai ga abu ya tsaya a ƙasa bisa ƙusa guda, kansa daidai bakin wanda ke zaune a kujera.

Ya cika ƙirji ya hura. Abin da ya fito wata siririyar ƙara ce mai tsini, irin ta ƙyauren langalanga da ya daɗe bai ga mai ba. Ya sake, ta sake.

"Kawu, ba laifinta ba ne," in ji shi.

Ya kwance wani ɗan zoben ƙarfe mai noti biyu, ya zaro wani fallen kara, tsawonsa kamar ɗan yatsa, ya miƙo mini. Na ɗaga shi wajen haske. Gindinsa da kauri, har da sauran sheƙin bawo. Daga tsakiya aka fara fere shi, yana sirancewa a hankali har goshi, inda ya yi shara-shara, haske na ratsa shi, jijiyoyinsa a jere kamar zaren saƙa. Iskar hunturu ta busar da goshin nan, ta yi masa 'yan tuddai da kwari. Na dubi abin busan da kuɗin mai kyau daga cikin irinsa ya isa sayen mota, na dubi ɗan karan da iska za ta iya hurewa daga tafin hannuna. Wannan ne ya hana wancan magana.

Na tambaye shi sunan abin, ya faɗa mini da Turanci. Na ce da Hausa fa? Ya yi shiru. Nan muka zauna har aka kira magariba muna juya kalmomi, daga ƙarshe muka tsaya a kan biyu. Baƙin kan roban da mabushi ke sawa tsakanin leɓɓansa muka kira shi baki. Ɗan karan da ke kwance a ƙarƙashinsa muka kira shi harshe.

Na kwana ina jin daɗin wannan zaɓi, don Hausa ba ta raina kalmomin nan biyu ba. Muna da bakin rijiya da bakin gulbi, bakin kasuwa da bakin daji, bakin wuƙa da bakin aiki. Duk inda ciki ya ƙare waje ya fara, Bahaushe baki ya gani. Da shi ake sa baki a raba faɗa, da shi ake haɗa baki a ƙulla sharri. Ana ba yaro baki in yana kuka, ana gudun bakin uwa, ana tsoron mai baki biyu, an kuma san shi ke yanka wuya. Harshe kuwa tsoka ce ba ƙashi, amma da sunansa muke kiran Hausar kanta, da shi muke kiran abin da ke lasar sama in gobara ta tashi, maganar da ta rabu biyu kuma mu ce tana da harshen damo. Baki wuri ne, yana nan inda yake. Harshe shi ne mai motsi. Haka abin yake a kan mutum, haka kuma yake a kan kilarinet.

Bakin kilarinet ba ya yin komai sai tsayawa. Yawanci da baƙar roba mai tauri ake yin sa. Ƙasansa a shafe yake sumul kamar allo, a nan harshe ke kwanciya, sai dai wajen goshi an ɗan karkatar da shi, ta yadda za a bar 'yar ƙofa tsakaninsa da harshen. A babbar kilarinet faɗin ƙofar nan bai cika wuce milimita biyu ba. In mabushi ya hura, iska kan ratsa ta nan da gudu, harshen ya rufe ƙofar, taurin karan ya maido shi, ya sake rufewa, ya sake buɗewa. Wannan kaɗawar ita ce muryar. A mafi kaurin sautin da doguwar irinta ke fitarwa, harshen kan je ya dawo kusan sau 58 a cikin sakan ɗaya. Itacen nan baƙi da ake sarowa daga dazuzzukan Tanzaniya da Mozambik, da maɓallan nan masu ƙyalli, aikinsu su karɓi kaɗawar su ba ta tsawo da launi. Ba su ke haifar ta ba.

Wani maƙerin kayan busa ɗan Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya gyara babbar kilarinet a birnin Burasel a 1838 ta kama siffar da aka santa da ita yau, kafin ya ƙirƙiro saksofon da ke ɗauke da sunansa. Tun daga lokacin an sauya maɓallai, an ƙara mata tsawo, an kawo injuna masu yanka daidai da gashi. Abu ɗaya bai sauya ba: har gobe mafi yawan mabusa da karan fadama suke busa. Wani dogon kara ne mai kama da gora, wanda ya fi suna shi ne na yankin Var a kudancin Faransa. Sai ya shekara biyu a tsaye kafin a sare shi da sanyi, a shanya, a ajiye ya ƙara kamar shekara biyu yana nuna, sannan a tsaga a fere. Kamfanin Vandoren na birnin Paris yana wannan sana'a tun 1905. Sukan sa wa kowane harshe lamba gwargwadon taurinsa, daga 1 mai laushi zuwa 5 mai tauri, da rabi-rabi a tsakani. Na babbar kilarinet biyar-biyar ake zuba su a kwali. Amma duk mabushi ya san biyar ɗin nan, ko da lambarsu ɗaya, halinsu biyar ne. Wani zai yi magana tun ranar farko, wani sai an yi kwanaki ana lallashi, wani kuwa har a jefar da shi ba zai ce uffan ba. Inji ya yanka su daidai, amma kowane ya sha ruwansa da ranarsa daban tun yana gona.

Ƙa'idar zaɓen ba ta da tsawo. Baki mai faɗin ƙofa yana son harshe mai laushi, don tafiyar da harshen zai yi kafin ya rufe ƙofar da nisa. Baki mai matsattsiyar ƙofa yana son harshe mai tauri, in ba haka ba da an matsa iska sai ya manne, murya ta ɗauke. Ƙwarya ce ke bin ƙwarya. Ɗan ƙanwata kuwa ya haɗa buɗaɗɗen baki da harshe mai lamba 4, don ya ji manyansa na cewa mai tauri shi ne na gwanaye. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Yana cizo da ƙarfi don ya tanƙwara karan, muƙamuƙinsa na ciwo, ga hunturu ya ƙara wa abin tauri. Na gane matsalar, amma ni ba mabushi ba ne. Sai na ce masa ya shirya, gobe za mu cikin gari wurin wanda ya fi ni sani.

Can cikin lungunan tsohon gari, ba nisa da Kanwuri, akwai wani dattijo mai algaita da na sani tun ina yaro. Gadon gidansu ne. Ya bi dawakin hakimai a hawan salla tun ƙuruciya, daga Fakon Idi zuwa ƙofar fada, har kumatunsa suka saki suka zama kamar 'yar jakar fata da aka daɗe ana zuba wa kaya. Muka same shi a zaure da hantsi, ya lulluɓa da bargo, algaitar na rataye a ƙusa.

"Baba, ina kwana? Ya sanyi?"

"Lahiya lau, Malam. Sanyi lokaci nai na. Wanga hwa, mi yaz zo da shi?"

Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya harhaɗa kilarinet. Dattijon bai ko kalli maɓallan ba. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi ɗan karan. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya danna goshinsa a kan farcen babban yatsa, ya sake shi, ya sa kunne.

"Ɗana, wanga ƙishirwa shika ji. Kuma ya hi ƙarhinka."

Ya sauko da tasa algaitar, ya ɗora a cinya. Na sha ganinta daga nesa, ran nan na ganta kusa. Itace ne da aka rarake, siriri a sama, yana buɗewa zuwa ƙasa, an ɗinke shi cikin jar fata da gumin hannu ya mayar baƙi-baƙi. Ƙofofin yatsu huɗu ne kacal. A samansa an soka wani siririn bututun tagulla, kusa da ƙarshen bututun akwai ɗan faifai kewayayye inda leɓɓa ke tokarewa, can a kan tsinin kuma aka cusa ɗan guntun karan ciyawa da aka matse bakinsa ya zama falle biyu suna fuskantar juna. Na kilarinet harshe ɗaya ne yana dukan baki. Na algaita biyu ne suna dukan juna, kuma dukansu cikin kogon bakin mabushi suke shiga, leɓe ba ya riƙe su. Daga aljihunsa ya fito da wani tsohon gwangwani, a ciki akwai irin waɗannan karare bakwai ko takwas, kowane da ɗan zare a ƙugu. Shi ke zuwa fadama da kansa bayan damina ya zaɓo, ya yanka, ya shanya a inuwa. Ya ce cikin goma in ya sami uku masu magana ya gode Allah.

Ya ɗauki ɗaya ya jefa a ƙoƙon ruwa, ya ce wa yaron ya jefa nasa. Muka zauna ana hira har suka jiƙa.

Sunan algaita ba a nan aka haife shi ba. Daga Larabcin Magrib ya zo, inda har yau mutanen Maroko ke busa 'yar'uwarta suna kiranta gaiɗa, mu kuma muka haɗiye har da "al" ɗin, kamar yadda muka yi wa albasa da alkyabba da aljihu. Danginta sun bazu: zurna a Turkiyya, mizmar a Masar, shehnai a Indiya. Hanyar raƙuman da ta kawo sunan ita ce ta ɗauki jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato zuwa arewa, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don a can suke sayenta. Sunan ya gangaro kudu, fatar ta haura arewa, ga su sun haɗu a cinyar dattijo guda. Amma karan da ke magana a bakinta ba baƙo ba ne. Na bakin gulbin Rima ne.

Ya tsamo nasa ya soka, ya tura shi cikin baki har faifan ya danne leɓɓansa. Kumatu suka kumbura. Sautin da ya tashi ya cika zauren ya fita titi, kuma bai yanke ba. Mai algaita yakan tara iska a kumatu, ya riƙa matso ta cikin bututu a daidai lokacin da yake shaƙar sabuwa ta hanci, shi ya sa za ka ji busa na tafiya minti da minti ba wurin numfasawa. Ba waƙa kawai yake yi ba. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, algaita kuma tana bin hawa da saukar kalmomi, har wanda ya san take ya ji sunan basarake da kirarinsa ba tare da an furta harafi ɗaya ba. Wata tsohuwa ta leƙo daga cikin gida ta faɗi wanda ake kira, alhali shekarunsa da rasuwa sun fi ashirin. Yaron ya dube ni. Daga baya ya ba ni labarin Eric Dolphy, baƙar fatar Amurka da ya fito da babbar kilarinet gaban dandali a kiɗan jaz, wanda a wani faifai na 1960 shi da Charles Mingus suka yi ta muhawara da kayan kiɗansu kamar mutum biyu na gardama. Abin da ya girgiza masu sauraro a can, a zauren nan sana'ar yau da kullum ce.

A hanyar komawa gida kalmar da dattijon ya yi amfani da ita ta tsaya mini a rai: ƙishirwa. Sai na lura da abin da na daɗe ina faɗa ban taɓa ji ba. Busa da bushewa tushensu ɗaya. Iska ta busa, wanki ya bushe. Mace ta busar da kuɓewa, mabushi ya busa algaita, taron masu busa kuma mu ce ana bushe-bushe. Iskar da ke ba kara murya ita ce ke kashe masa ita. Bambancin kawai daga ina ta fito. Ta hunturu daga hamada take, ba ta ɗauke da ko ɗigon ruwa, duk abin da ta taɓa sai ya ƙandare: leɓe ya tsage, diddige ya yi kaushi, itacen kilarinet kansa yakan dare in ba a kula ba. Ta ƙirjin mutum kuwa da ɗumi take fitowa, da laima. Busasshen kara ba ya busuwa. Sai ya sha ruwa, ko ya jima a bakin mai shi, sannan ya yi laushin da zai kaɗa. Mun san wannan a kan mutane tun da daɗewa, shi ya sa muke cewa wane busasshen ido gare shi, wane zuciyarsa ta bushe. Abin da ya bushe ba ya amsawa.

Da daddare ina zaune ina tunanin faratan dattijon nan da yadda ya danna goshin kara, sai na tuna inda na taɓa ganin wannan motsi. A makarantar allo ne. Malaminmu yakan ɗauki karan gamba, ya fiƙe shi da aska, ya tsaga bakinsa kaɗan, ya danna a farce ya ga ko ya buɗe ya koma, sannan ya tsoma a kurtun tawada. In bakin ya yi tauri, sai ya karce allo. In ya yi laushi, sai ya baje, wawu ya zama dunƙule. Kowane almajiri da irin alƙalamin da ya dace da nauyin hannunsa, kuma in ka ari na wani, rubutunka sai ya nuna.

Kamar da ke tsakanin alƙalami da harshen busa ba ta tsaya ga aiki kaɗai ba, ta kai har ga suna. Alƙalami daga ƙalam na Larabci muka samo shi, masana harsuna da dama kuma suna danganta ƙalam da kalamos na Girkanci, wanda ma'anarsa kara. Daga wannan kalamos ɗin, ta hanyar Latin, Faransawa suka sami shalumo, sunan wata 'yar sarewa mai harshen kara guda. Ita ce aka gyara a birnin Nuremberg na Jamus wajen shekarar 1700, aikin da ake dangantawa da Johann Christoph Denner, ta zama kilarinet. Har yau mabusanta da wannan tsohon suna suke kiran sashen muryarta mai kauri. Ashe abin da ɗan ƙanwata ya ɗauko a baƙin akwati da abin da malaminmu ke sokewa a bayan kunne 'yan gida ɗaya ne. Ɗaya ya sha tawada ya yi magana da ido, ɗaya ya sha ruwa ya yi magana da kunne.

Wannan zumunci yana da nauyi a Sakkwato fiye da ko'ina, don garin nan alƙalami ya kafa shi. Muhammadu Bello ya gina shi a 1809, Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa ya zauna a nan a 1815, a nan ya rasu a 1817. Shi da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansa Bello da Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan littattafai da waƙoƙi, duka da fiƙaƙƙen kara aka rubuta su, wasu kofofin na nan a ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu. Kuma wannan alƙalamin bai yi wa ɗan'uwansa sassauci ba. A Kitabul Farƙi, cikin halayen sarakunan Haɓe da Shehu ya soka akwai shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wata manufa ba, ya kuma bambanta wannan da buga tambari don tara runduna ko sanar da tashinta. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin gaba tsakanin malami da mabushi. Yanzu ina ganin tambaya ce da ta hau kan su biyun: me aka hura maka, kuma don wa? Kara ba shi da ra'ayi. Alƙalamin da ya rubuta hukuncin gaskiya zai iya rubuta shaidar zur. Algaitar da ta tara jama'a ranar idi za ta iya kumbura kan azzalumi. Ko kakaki, dogon ƙarfen nan da ba shi da harshe sai leɓɓan mai busa shi, mun ari sunansa mun ba wanda ke magana da yawun wasu, kakakin majalisa da kakakin gwamnati, don mun san abin busa amana ce ta wanda ya riƙe shi.

A rubutun boko, tsakanin kara da ƙara 'yar lanƙwasa ɗaya ce a kan harafin farko. Kara shi ne abin da aka bari a gona bayan an yanke zangarniya, abin danni da makamashi, wanda in aka so nuna ƙanƙantar abu sai a ambace shi. Ƙara kuwa ita ce amo, ita ce kuma kukan wanda aka zalunta in ya kai gaban alƙali. Abin da ke mayar da na farko na biyu numfashin mutum ne. Akwai kuma wata karar ta uku, wadda ake yi wa surukai da baƙi da manya, wato ka iya yi amma ka janye, ka bar wa wani wuri. Da na koma wurin dattijon ni kaɗai na yi masa wannan zance, ya yi murmushi ya ce ai ita ce sana'ar duka.

"Malam, ba a yi ma kara ƙarhi. In kac cije shi, shiru za shi yi. Sake mai wuri shi yi rawa."

Duk wanda ya koyi kilarinet ya ji irin wannan daga malaminsa: leɓe ya kewaye baki ya riƙe, kada haƙori ya danne. Harshe yana bukatar ƙofar da zai kaɗa a ciki. Na ga kuma haka kalma take a hannun marubuci. Akwai kalmomi masu lamba 4, manya, masu tauri, da muke ɗauka don mun ji gwanaye na amfani da su. Mukan cije su da ƙarfi, su fito da tsini, mai karatu ya toshe kunne. Akwai masu laushin da in ka ɗora musu nauyin magana sai su manne. Wanda ya san aikinsa yana da nasa gwangwanin. Ya je fadamar harshensa da ƙafarsa, ya zaɓo, ya gwada a farce, ya jiƙa a bakinsa kafin ya fitar, ya kuma yarda cewa cikin goma uku ne za su yi magana. Zaɓen harshe, a ma'anonin nan biyu, sanin gwargwadon numfashinka ne, kuma ba wanda zai auna maka shi daga waje.

Yanzu akwai harsunan roba da ba ruwansu da hunturu, ba a jiƙa su, sukan yi watanni ba su sauya ba, kuma manyan mabusa da yawa sun karɓe su. Ga mai busa a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, hunturu kuma ya tsotse laimar iska, wannan sauƙi ne na gaske, na kuma ce wa yaron ya nemi ɗaya ya ajiye don ranar fareti. Amma na roƙe shi kada ya rabu da kara. Harshen kara makonni kaɗan yake yi ya mutu. Yau yana da daɗi, gobe ya tashi da wani hali. Mai busa da shi dole kullum ya fara da saurare kafin ya nemi a saurare shi, kuma ban san wata tarbiyya da ta fi wannan amfani ga mai murya ba.

Kafin hutunsa ya ƙare, ya aika aka kawo masa kwali ɗaya mai lamba biyu da rabi. Ya bi shawarar dattijon: ya jiƙa biyar ɗin a kofi, ya busa kowane na 'yan mintuna kaɗan, ya shafe su da yatsa a kan gilashi, ya ajiye su cikin rufaffen gwangwani da ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle a gefe. Kwana huɗu yana haka. Biyu suka amsa.

Ranar da zai tafi muka koma cikin gari yin sallama. Ya zauna a kan turmin da aka kife, ya kafa ƙusar kilarinet a ƙasan zauren, ya rufe ƙofofinta duka, ya hura a hankali. Sautin ya fito daga can ƙasa, mai kauri, mai ɗumi, irin wanda ƙirji ke riga kunne ji. Ruwan da ke cikin ƙoƙon dattijon ya yi 'yar rawa. Tsohon ya rufe ido ya saurara har numfashin yaron ya ƙare. Sannan ya buɗe gwangwaninsa, ya tona da ɗan yatsa, ya zaɓo kara ɗaya mai zare a ƙugu ya sa masa a tafin hannu. Ba zai shiga bakin kilarinet ba, su duka sun san haka.

"Riƙe, ɗana. Na Rima na. In ka tahi can wurin Nasara da kayansu, ka tuna inda magana ka hitowa."

Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya sa shi cikin gwangwaninsa, kusa da biyun nan na Faransa.